Bashin da Muke Bin Likita da Wanda Yake Bin Mu

Kwanakin baya na raka mahaifiyata wani asibitin gwamnati domin a duba hawan jininta. Mun yanki kati tun kafin ƙarfe takwas na safe, amma ba mu ga likita ba sai bayan azahar, domin likita ɗaya ne yake duba layin da ya cika baranda har ya malala tsakar gida.

A cikin wannan jira ne wani dattijo da ya kawo jikansa ya ji ana zancen cewa likitoci suna barazanar sake shiga yajin aiki. Ya juyo gare ni ya ce, "Malam, mutanen nan ba su da godiyar Allah. Da kuɗinmu aka koyar da su, yanzu kuma sun dawo suna ciniki da rayukanmu." Duk waɗanda ke kan bencin suka gyaɗa kai. Ni ma ban musa masa ba, saboda ina ganin yadda zazzaɓi ya galabaitar da yaron da ke kwance a cinyarsa.

Da yamma, bayan mun dawo gida, sai ga maƙwabcina ya yi sallama. Tela ne a bakin kasuwa, kuma ni na koyar da 'yarsa kimiyyar sinadarai a sakandare. Yanzu tana shekara ta uku a karatun likitanci. Bayan mun gaisa ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Malam, shawara na zo nema. Kuɗin rajistar bana ya fi ƙarfina, ga kuɗin ɗaki, ga littattafai. Ko dai in sayar da gonarmu ta gado, ko kuma ta haƙura ta koma wani karatun mai shekara huɗu."

Tun daga ranar maganganun nan biyu suka hana ni sakat. Da safe na ji cewa da kuɗin jama'a ake koyar da likita, da yamma kuma na ga uban da zai rabu da gonar kakanninsa domin 'yarsa ta zama likita.

Ni malamin makaranta ne, kuma babu likita a gidanmu, saboda haka ba kare sana'ar kowa nake yi ba. Matsayina shi ne gwamnati ta ɗauki nauyin karatun likitanci gaba ɗaya ga duk ɗalibin da ya cancanta kuma yake da buƙata, bisa yarjejeniya rubutacciya wadda za ta fayyace shekarun da zai yi wa jama'a aiki da wurin da zai yi su. Idan ya cika waɗannan shekaru, bashi ya biyu. Albashinsa kuwa a biya shi gwargwadon nauyin aikinsa, kada a riƙa goranta masa tallafin karatu duk lokacin da ya buɗe baki ya nemi haƙƙinsa. Abin da muke yi a yau shi ne mu biya rabin kuɗin karatun, mu biya rabin albashin da ya kamata, sannan mu riƙa bin likita bashin godiya wanda ba shi da ranar ƙarewa.

Wa yake biyan kuɗin karatun?

Maganar dattijon nan tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba zan ɓoye hakan ba. Abin da ɗalibi yake biya a jami'ar gwamnati, ko a Zariya ko a Kano ko a Sakkwato ko a Maiduguri, bai kai ainihin abin da ake kashewa wajen koyar da shi ba. Albashin malamansa, ɗakunan gwaje-gwaje da asibitin koyarwa duk daga baitulmali suke fitowa. Ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya taɓa ƙiyasta cewa horar da likita ɗaya a Najeriya yana cin fiye da dala 21,000. Duk wanda ya kwatanta wannan da Amurka, inda ɗalibin likitanci kan kammala da bashin da ya kai kimanin dala 200,000 a wuyansa, ya san cewa ɗalibinmu yana samun sauƙi mai yawa.

Sai dai akwai kason da gida yake ɗauka, kuma shi ne ba ya shiga lissafin gwamnati. Karatun shekara shida ne a kan takarda. Wanda ya shiga kafin 2020 ya tarar da yajin aikin malaman jami'a na wata tara a 2020, ya sake tarar da na wata takwas a 2022, don haka shekara shidan ta zama takwas ko kusa da haka. Bayan ya kammala sai ya nemi gurbin horon sanin makamar aiki na shekara guda, wanda wasu kan yi watanni suna jira kafin su samu, sannan ya tafi hidimar ƙasa. Abokansa da suka shiga jami'a tare sun daɗe da fitowa, wasu sun yi aure har da 'ya'ya, shi kuwa yana nan yana jiran saƙon kuɗi daga gida.

Ɗalibin wani fanni yana iya haɗa karatu da ɗinki, ko gyaran waya, ko koyarwa a makarantar kuɗi da yamma. Ɗalibin likitanci da ya shiga shekarun asibiti ba shi da wannan dama. Da safe yana zagayen marasa lafiya, da rana yana aji, wani lokaci kuma ya kwana a ɗakin haihuwa ko sashen gaggawa, hutunsa ma bai kai na sauran ɗalibai ba. Ga kuɗin mota tsakanin masauki da asibiti, ga farar riga da kayan duba marar lafiya, ga littattafan da farashinsu yake bin dala, ga tafiya ƙauye domin horon lafiyar al'umma. A 2023, shekarar da aka cire tallafin man fetur, jami'o'in tarayya da dama sun ƙara kuɗin rajista, kuma ɗaliban likitanci suna cikin waɗanda nasu ya fi tsada.

Idan haka ne, maganar "da kuɗinmu aka koyar da su" rabin labari ce. Sauran rabin yana cikin gonar da aka sayar, da zoben uwa da aka kai kasuwar 'yan gwal, da ƙanen da aka ce ya dakata sai yayarsa ta gama.

Ai ga lamunin karatu nan

Wani zai ce an riga an warware wannan matsala, tunda Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar lamunin karatu a watan Afrilun 2024, asusun bayar da lamunin, wato NELFUND, kuma ya fara karɓar buƙatu a watan Mayun 2024. Asusun yana biya wa ɗalibi kuɗin makaranta kai tsaye, yana ba shi naira 20,000 duk wata domin ɗawainiya, babu kuɗin ruwa, kuma ba a fara biya sai shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa, ta hanyar cire kashi 10 cikin ɗari na albashi.

Ina yaba wa wannan tsari, musamman da ya kasance babu kuɗin ruwa, domin da akwai shi da yawancin iyayen Arewa ba za su yarda 'ya'yansu su kusance shi ba. Ni da kaina na ce wa maƙwabcina 'yarsa ta nema. Amma naira 20,000 a wata ba ta kai naira 700 a rana ba, kuma duk wanda yake cefane ya san abin da wannan kuɗi zai saya. Ɗalibin da yake da sana'ar hannu zai iya cike giɓin, na likitanci kuwa, kamar yadda na bayyana, ba shi da lokacin yin haka.

Akwai kuma abin da ya fi damuna game da mayar da karatun likita abin bashi. Mutumin da ya fito daga makaranta da nauyin bashi a kansa, abu na farko da zai fara tunani shi ne inda zai samu kuɗi mafi yawa cikin lokaci mafi ƙanƙanta. Ba za ka ɗora wa yaro bashin shekara shida, ka ba shi albashin da ba ya kai shi ƙarshen wata, sannan ka yi mamaki idan ya fara tara kuɗin jarrabawar samun lasisin aiki a Ingila ba. Kuma wanda ya biya kuɗin karatunsa da guminsa, ko da a hankali ne, ba ka da bakin ce masa jama'a suna bin sa wani abu. Ta wannan hanya lamuni yana kwance igiyar da muke so ta ɗaure likita da al'ummarsa.

Bashin da ba a rubuta ba

A watan Afrilun 2023, ɗan majalisar wakilai daga Legas, Ganiyu Johnson, ya gabatar da ƙudirin da zai hana likitan da aka horar a Najeriya cikakken lasisi har sai ya yi aikin shekara biyar a cikin ƙasa. Ƙudirin ya tsallake karatu na biyu, ya jawo ce-ce-ku-ce, bai kuma zama doka ba. Mutane da yawa a majalisun unguwa sun goyi bayansa, kuma na fahimci dalilinsu.

Na fahimta, amma ban yarda ba, saboda ciniki ne da ake so a sauya bayan an gama shi. Ɗalibin da ya shiga jami'a ba a gaya masa akwai wannan sharaɗi ba, mahaifinsa ya biya abin da aka ce ya biya, sai ga shi a ranar fita ana cewa takardarsa tana tsare. Injiniya da lauya da masanin kwamfuta su ma a jami'ar gwamnati suka yi karatu da rangwamen baitulmali, kuma babu wanda ya ce a riƙe musu lasisi. Addininmu ya koyar da mu cewa idan za a ƙulla bashi zuwa wani lokaci, a rubuta shi, a san adadinsa da ranar biyansa. Hikimar wannan umarni ita ce kare mai bayarwa da mai karɓa gaba ɗaya.

Yarjejeniyar da nake nufi tana da sauƙin fahimta. Jiha ta zaɓi ɗalibi bisa cancanta, ta biya masa rajista da masauki da littattafai, ta sa shi a kan wani ɗan albashi da zai riƙe shi, musamman daga lokacin da ya shiga shekarun asibiti. Shi kuma ya sa hannu, da sanin iyayensa da shaidu, cewa zai yi wa jihar aiki na shekaru kaza a asibitin da za ta tura shi, kuma idan ya zaɓi tafiya kafin lokacin zai mayar da kuɗin bisa ƙimarsa ta ranar biya. Ƙasar Tailan ta shafe fiye da shekara 50 tana wajabta wa likitocin da suka fito daga jami'o'in gwamnati aikin shekara uku, tare da tara ga wanda ya saɓa, kuma ɗalibi ya san da haka tun ranar da ya shiga.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a Arewa, domin jihohi da dama suna yin irinsa. Matsalarsa a wurinmu ita ce rashin cika alkawari ta ɓangarori biyu. Gwamnati kan biya kuɗin shekara ɗaya ta yi shiru a ta biyu, ko kuma sabon gwamna ya hau ya yi watsi da ɗaliban da wanda ya gada ya tura, kamar su ne suka yi masa adawa a zaɓe. Mun sha jin ɗalibanmu a ƙasashen waje suna kuka cewa an hana su shiga jarrabawa saboda jiha ba ta biya ba. Lokacin da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, ɗalibai da yawa da aka kwaso a motoci zuwa iyakar Masar masu karatun likitanci ne daga jihohin Arewa, da dama daga cikinsu mata, kuma an ɗauki lokaci kafin wasunsu su san inda za su ƙarasa karatun. Ina ganin da kuɗin da ake kaiwa waje an zuba shi wajen faɗaɗa makarantun likitanci na gida, da ribar ta fi ɗorewa.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, akwai waɗanda jiha ta yi musu komai, suka sa hannu, suna karɓar takarda suka ɓace. Wannan cin amana ne, kuma ba ni da wani uzuri da zan nema musu. Wanda ya ci kuɗin talakawan ƙaramar hukumarsa ya gudu bai biya ba, ya toshe hanyar yaron da ke bayansa, domin da shi za a riƙa kafa hujja a ce tallafin asara ne. A bi shi ta kotu, a kuma sanar da hukumar da ke ba likitoci lasisi. Amma gwamnatin da za ta yi wannan bi sai ta kasance ta cika nata alkawarin tun farko.

Ai aikin lada ne

Wannan ita ce maganar da aka fi rufe wa likita baki da ita, kuma tana da nauyi a zuciyar duk mai imani. Babu shakka ceton rai aikin lada ne. Malamai ma sun lissafa ilmin likitanci cikin farillan kifaya, wato wajibin da idan babu wanda ya tsaya da shi a cikin al'umma, laifin yana hawa kan kowa.

To, idan wajibin na al'umma ne gaba ɗaya, nauyin ɗaukarsa ma na al'umma ne. Ba daidai ba ne mu ce farilla ce a kan kowa, sannan mu bar tela ɗaya ya sayar da gonarsa domin ya sauke mana ita. A nan nake ganin gurbin hukumomin zakka da waƙafi da attajiranmu. Mai hali da yake neman sadaka mai gudana, ya duba ɗaukar nauyin ɗalibar likitanci ɗaya daga ƙauyensu har ta kammala.

Sannan lada bai taɓa hana karɓar ladan aiki ba. Ya tabbata cewa an yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ƙaho, kuma ya biya mai ƙahon. Ana biyan liman da alƙali da malamin Islamiyya, kuma babu mai cewa hakan ya rage musu lada wurin Allah. Mai gidan haya ba ya yi wa likita rangwame don yana aikin lada, haka ma makarantar 'ya'yansa da gidan mai.

Mu duba yadda muka kimanta wannan aiki a aikace. Har zuwa 2021, alawus ɗin haɗari da ake ba likita a asibitocin tarayya naira 5,000 ne a wata. A kan wannan ƙima ake lokacin da Dakta Stella Adadevoh ta hana mai cutar Ebola fita daga asibitin da take aiki a Legas a 2014, ta kamu, ta rasu, ƙasa kuma ta tsira daga annobar da ta yi ɓarna a Laberiya da Saliyo da Gini. A kanta ake a farkon 2020, lokacin da zazzaɓin Lassa ya kashe likitoci a asibitin koyarwa na Kano bayan sun yi wa marar lafiya aiki. An ƙara kuɗin daga baya, sai dai faɗuwar naira daga kimanin 460 a kan dala ɗaya a farkon 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024 ta cinye ƙarin da ma abin da ke ƙarƙashinsa.

Sakamakon a fili yake. A 2024 ministan lafiya ya ce likitoci kimanin 16,000 sun bar ƙasar cikin shekara biyar, waɗanda suka rage kuma kimanin 55,000 ne ga jama'ar da ta haura miliyan 200, sannan an fi samun su a Legas da Abuja. Shekara biyar kafin haka, a 2019, ministan ƙwadago na lokacin, Chris Ngige, wanda shi ma likita ne, ya ce Najeriya tana da rarar likitoci, mai son tafiya ya tafi. Layin da muka bi ni da mahaifiyata ya ishe ni amsa a kan wannan magana.

Malamai da 'yan sanda fa?

Wannan tambaya ta shafe ni kai tsaye, domin na san abin da nake ɗauka a ƙarshen wata. Abokan aikina kan ce, don me za a fifita likita, alhali mu ne muka koyar da shi, kuma albashinsa ma a yanzu ya ninka namu? Ma'aikatan jinya da ungozoma da masu haɗa magunguna su ma suna da irin wannan ƙorafi, kuma da su asibiti yake tafiya.

Amsata ita ce talaucin malami ba ya zama hujjar talauta likita. Kowannenmu yana da haƙƙin da zai nema, kuma wurin nema ɗaya ne. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya, amma kasafin tarayya ya daɗe yana yawo tsakanin kashi 4 da 6. Faɗan da ake yi tsakanin likita da nas a kan wanda ya fi wani, faɗa ne a kan ɗan abin da aka bari a cikin akushi.

Akwai kuma gaskiyar da ba ta da daɗi, wato likita yana da kasuwa a Saudiyya da Ingila da Kanada, kuma masu saye suna zuwa har gida suna nema. Gwamnati ta ninka gurbin ɗaukar ɗaliban likitanci daga kimanin 5,000 zuwa 10,000 a shekara, wanda mataki ne mai kyau. Amma idan ba a gyara abin da ke korar su ba, za mu zama kamar mai ƙara ɗebo ruwa a tulun da yake yoyo, muna horar wa ƙasashe masu arziki likitoci da kuɗin talakanmu.

Abin da likitoci za su ji

Ba zan rufe ido daga abin da ya sa dattijon nan ya yi fushi ba. Jama'a ba su tsani likita haka kawai ba. Akwai likitan da ba ya ɗaga kai ya dubi tsohuwar da ke yi masa bayani. Akwai wanda yake zuwa asibitin gwamnati a makare, ya tashi da wuri, sannan ya raɗa wa marar lafiya cewa ya same shi a asibitinsa na kuɗi da yamma. Akwai kuma yajin aiki, irin na likitoci masu neman ƙwarewa da ya ɗauki kimanin wata biyu a 2021, wanda mai hali bai ji zafinsa ba saboda yana da wurin zuwa, talaka kuwa ya koma kemis ko ya zauna a gida yana jiran hukuncin Allah.

Ina roƙon ƙungiyoyin likitoci su riƙe abu ɗaya da ƙarfi, wato ko da yajin aiki ya zama dole, kada a rufe sashen gaggawa da ɗakin haihuwa. Su kuma hukunta nasu da ke karkatar da marasa lafiya, domin kowane irin wannan likita yana zubar da mutuncin goma da suke kwana a tsaye. Su riƙa yi wa jama'a bayani da Hausa, a rediyo da masallatai, cewa yawancin abin da suke yajin aiki a kansa alkawura ne da aka sa wa hannu ba a cika ba, da bashin albashi da alawus, da kuɗin horon ƙwarewa da doka ta tanada. Dattijon da ke kan benci bai taɓa jin wannan bayani daga bakin likita ba.

Duk da haka, ina ganin rashin adalci ne a ɗora mutuwar da aka yi lokacin yajin aiki a kan likita shi kaɗai, a bar wanda ya sa hannu a yarjejeniya ya ƙi cikawa, alhali shi idan ciwo ya kama shi jirgi yake hawa.

Wa zai je ƙauye?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa a duniya sanadiyyar ciki da haihuwa 'yan Najeriya ne, kuma mun san cewa abin ya fi muni a Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas. Mun kuma san cewa akwai magidanta da yawa da ba sa barin matansu zuwa asibiti idan namiji ne zai duba su, har sai jijjiga ta kama mace ko jini ya ɓalle. Ko mun yarda da wannan ɗabi'a ko ba mu yarda ba, tana nan, kuma hanya mafi kusa ta rage ɓarnarta ita ce samun likitoci mata daga cikinmu.

Idan karatun likitanci ya zama na 'ya'yan masu hali kaɗai, ba za mu same su ba. Yaron da ya tashi a unguwar masu kuɗi a Abuja, wanda iyayensa suka biya masa miliyoyi a jami'a mai zaman kanta, da wuya ya zauna a babban asibitin ƙaramar hukuma inda babu wuta kuma ruwa sai an saya. Wadda ta fi yiwuwar zama a can ita ce wadda ta fito daga can, take jin harshen mutanen, iyayenta da danginta suke kusa. Saboda haka nake ganin a ware wa kowace ƙaramar hukuma gurbi a cikin tallafin, a fifita 'ya'yan makarantun gwamnati da suka yi fice, a kuma hana 'yan siyasa raba guraben ga 'ya'yansu, domin wannan ita ce ƙofar da irin waɗannan shirye-shirye suke lalacewa ta cikinta. Wanda aka tura ƙauye kuma a ba shi gida da tsaro da alawus mai tsoka, a tabbatar masa cewa bayan ya cika shekarunsa shi ne kan gaba wajen samun gurbin neman ƙwarewa.

Game da maƙwabcina, na roƙe shi kada ya taɓa gonar tukuna. Mun cike wa yarinyar takardun lamuni, mun kuma rubuta wa hukumar tallafin karatu ta jiharmu wasiƙa, wadda ita da kanta ta ƙara wani layi a ƙarshenta cewa a shirye take ta sa hannu ta yi aiki a ƙaramar hukumarsu idan ta kammala. Sau biyu ina zuwa ofishin ana ce mini takardar tana kan teburin maigida. Ƙarshen watan nan ake rufe rajista, kuma dillalin gonar ya riga ya zo sau ɗaya.